Taken Yayana a Garin Kwal

Assalamu alaikum. Ni makaɗi ne ɗan makaɗi, daga wani ƙauye a ƙasar Ringim ta jihar Jigawa. Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin na yarda in rubuta shi, domin akwai laifina a ciki, laifin da na yi shekara da shekaru ina ɓoye wa har mahaifiyar da ta haife ni.

Gidanmu gidan kiɗan noma ne. Idan aka kira gayya, Baba ne ke rataya ganga, ni kuma tun ina ɗan shekara bakwai nake bin sa da kazagi. Yaya ya girme ni da shekara takwas. Shi hannunsa bai karɓi kiɗa ba, garma ya karɓa. Idan samari suka jeru a bakin gona aka ce bismilla, kafin na kusa da shi ya kai rabin kunya shi ya kai ƙarshe ya juyo. Saboda haka Baba ya yanka masa take nasa shi kaɗai: "Ƙi-waiwaye na gaban gayya, garma ta san hannun mai ita." Da ganga ta faɗi haka sai ka ga bayan Yaya ya ƙara sunkuyawa, ƙasa na tashi ta bayansa, 'yan mata masu kawo fura suna guɗa. Ban taɓa ganin Baba yana murmushi irin na wannan lokacin ba.

Kalmar kwal kuwa a bakin kakanmu na fara jin ta. Layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru ta Ringim ya bi, tun 1930, kuma kakanmu ya yi dakon gyaɗa a tasha da ƙuruciyarsa. Yakan ce jirgin wancan zamani wuta yake ci, ana ɗura masa wani baƙin dutse da ake kawowa daga Inugu, yana tafe yana aman hayaƙi. Mu yara muka ɗauka gawayi yake nufi, tsufa ne ya sa yake ce masa dutse.

A daminar 2012 Yaya ya faɗaɗa gonar shinkafarsa a fadama. Ya karɓi bashin iri da taki da kuɗin 'yan ƙwadago a wurin wani dillalin hatsi, kimanin naira dubu 180, a kan idan an yi girbi zai biya da buhu. Shinkafa ta yi kyau, har mutane na tsayawa kallo. Sai kogin Haɗeja ya cika ya batse. A dare ɗaya ruwa ya shanye fadamar, ya yi makonni bai janye ba. Ranar da ya janye na raka Yaya gonar. Ya tsuguna ya damƙo ruɓaɓɓen kara ya sansana, ya yar, ya wanke hannu a kwatami. Har muka iso gida bai ce uffan ba.

Bayan sallar layya ya ɗaura 'yar jakarsa ya ce zai tafi ci-rani. Ya bar mata da yaro ɗan shekara ɗaya. Da farko yana kira daga Lafiya, yana dako a kasuwar doya, yakan turo dubu uku, dubu biyar. Daga baya ya ce yana Makurɗi. Abin da yake turowa bai wuce na cefane ba, bashi kuwa yana nan daram. Mai bashi ya fara zuwa ƙofar gida da sassafe, yana sallama da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji. Baba ya daina zama a dakali. Ni ne saurayin gida, ni ake tsarewa a kasuwa ana tambaya ina ɗan'uwana.

Wata ranar Juma'a a 2014, mutumin ya tare ni a gaban masallaci ya faɗa mini magana mai zafi a kan Baba. Da daddare Yaya ya kira. Muryarsa a sanyaye, ya ce: "Ƙanena, na gaji. Ina jin gida zan dawo, ko noman wani ne in riƙa yi." Zuciya ta ɗebe ni. Na ce masa: "Yaya, in dai ba da kuɗin mutane za ka dawo ba, ka yi zamanka. Ka bar mu da abin kunyar da ka jawo mana." Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Can ya ce: "To, shi ke nan. Ka gai da Inna."

Daga ranar layinsa bai sake shiga ba.

Na gaya wa mutanen gida wai ya ce yana lafiya. Wata ya wuce, shekara ta wuce. Inna ta sayar da tunkiyarta ta ba malamai sadaka a yi addu'a. Duk wanda ya dawo daga kudu sai ta aika a tambaye shi. Baba ya rasu a 2016, kuma a kwanakinsa na ƙarshe idan ya ji motsi a zaure sai ya ɗago kai ya ce a duba ko shi ne. A wurin zaman makoki dillalin nan ya zo, ya ce saboda Allah ya yafe rabin kuɗin. Matar Yaya ta yi haƙuri iya haƙuri, a 2017 iyayenta suka kai magana gaban alƙali aka raba auren, daga baya ta yi wani. Ban ga laifinta ba ko kaɗan. Yaron ya zauna wurin Inna.

A lokacin gayya ta ja baya ƙwarai a wajenmu. Mai hali ya ɗauki shanun huɗa ko ya yi hayar tarakta, ciyawa kuma a yi mata feshi, ganga ta koma rataye a bango. Sai na koma kalangu, na shiga ƙungiyar wani dattijon mawaƙi da ke bin 'yan dambe. Mu tara ne: Maigida, masu kalangu uku, 'yan amshi huɗu da sanƙira. Da an gama kaka sai mu yi hayar bas mu nausa, mu bi zango-zango inda Hausawa ke zaune, ba ma dawowa sai an fara jin ƙamshin ruwa. Da abin da nake samu a wannan yawo na biya sauran bashin, kaɗan-kaɗan, na gama a 2018. Ranar da na miƙa kuɗin ƙarshe ban ji daɗin da na zata zan ji ba. An biya bashi, amma wanda ya kamata ya ji labari babu hanyar da zai ji.

Kalangu magana yake yi, duk Bahaushe ya san haka. Idan ka matse tsarkiya a hammata murya ta hau, ka saki ta sauka, sai ya faɗi abin da baki zai faɗa. Na zauna na mayar da taken Yaya daga ganga zuwa kalangu. Duk garin da muka yi wasa, idan an tashi, mutane sun fara watsewa, sai in ɗan ja gefe in buga shi sau uku, in tsaya ina kallon fuskoki. Na yi haka a Jos, na yi a Akwanga, na yi a Lafiya, na yi a Wadata ta Makurɗi. Abokan tafiya suka ɗauka wata al'ada ce tawa ta rufe wasa. Maigida ne kaɗai ya gane. Wani dare ya kira ni ya ce: "Yaro, wannan taken noma ne, ba na dambe ba. Wa kake kira?" Na gaya masa komai, har maganar da na yi a waya. Shi ne mutum na farko da ya ji ta daga bakina. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in ci gaba da bugawa.

A watan Janairun 2020 muna Makurɗi, na buga taken kamar kullum. Wani mai gyaran takalmi ya matso ya tambaye ni ko ni mutumin Ringim ne. Ya ce ya taɓa zama ɗaki ɗaya da wani dogo mai tabo a haɓa, wanda idan yana wanki yakan riƙa kaɗa wannan kiɗa da yatsa a bakin bokiti. Ya ce shekarun baya ya bi wata tifa zuwa ƙasar Ankpa a jihar Kogi, wurin aikin kwal. Tabon nan ni na san shi, ƙahon sa ne ya yi masa muna yara.

Garin ba ya cikin tsarin tafiyarmu. Babu dambe a can, babu attajirin da ya gayyace mu, kuma mako mai zuwa ana jiran mu a wani wuri da aka riga aka ba da kafin alƙalami. Wasu daga cikin 'yan amshi suka yi gunaguni, kuma da gaskiyarsu, kowa iyali ya baro. Maigida ya ce kuɗin mai daga aljihunsa, wanda ba zai je ba ya jira mu a tasha. Babu wanda ya tsaya.

Muka bi ta Otukpo muka shiga ƙasar Igala. Tun kafin mu isa na ga ganyen bakin hanya ya canja launi, kamar an barbaɗa masa toka mai duhu. Manyan motoci na fitowa a jere an lulluɓe su da tamfol. Garin ƙarami ne, bai fi namu ba, sai dai komai nasa baƙi: rufin kwano, shanyar tufafi, har farar akuya ta koma ruwan toka. Na sunkuya na ɗauki wani ɓarɓashi da ya faɗo daga mota. Nauyi gare shi, yana ƙyalli, yana warin farar wuta. Na tuna kakanmu. Ashe dutse ne da gaske.

Sarkin Hausawan wurin, wani tsoho da aka haifa a can, ya sauke mu a zaurensa. Shi ya ba mu tarihin abin. Ya ce a wajen Inugu Turawa suka fara gano kwal a 1909, suka ja layin dogo daga can zuwa Fatakwal don fitar da shi. Da yaƙin basasa ya ɓarke, Inugu ta faɗa ɓangaren Biyafara, sai aka buɗe mahaƙar Okaba a nan ƙasar Ankpa. Jiragen ƙasa suka koma shan dizal, harkar ta yi sanyi shekaru masu yawa, sai da masana'antun siminti suka fara neman sa sannan ta farfaɗo. Ya ce tun fil azal mai haƙar kwal bai taɓa samun sa da sauƙi ba, ya tuna mana ranar 18 ga Nuwamba 1949 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 a mahaƙar Iva Valley ta Inugu saboda sun nemi haƙƙinsu. Na kwatanta masa Yaya. Ya ce yaran Arewa da ke lodi a nan sun fi a ƙirga, kuma da yawansu ba da sunan gida ake kiran su ba.

Bayan isha'i muka kafa wasa a filin gaban mai shayi, da ƙwan fitila ɗaya na janareta. Ban taɓa yin wasa a gaban mutane irin waɗannan ba. Sun taso daga aiki, wasu ko wanka ba su yi ba, ido da haƙori kaɗai ke haske a fuska. Sakkwatawa, Katsinawa, Zazzagawa, mutanen Damagaram, ga Igala maza da mata sun kewaye ta baya. Maigida ya bar waƙoƙin dambe ya shiga kiran garuruwa ɗaya bayan ɗaya, da kasuwanninsu da abincinsu. Duk wanda aka ambaci garinsu sai ya yi kururuwa ya faɗo fili. Na ga ƙato mai gemu yana rawa yana share hawaye da gefen riga. Liƙin da suka yi mana 'yan hamsin-hamsin ne da ɗari-ɗari, duk sun yi laushi, kowace da shatin baƙin yatsa. Kuma a ƙarƙashin kiɗan, duk lokacin da muka ɗan sassauta, abin da kake ji shi ne tari, daga nan, daga can.

A daren Maigida bai bari sai an watse ba. Ana tsakiyar wasa ya ɗaga hannu kowa ya yi tsit, ya ce mini: "Buga." Na buga sau uku. Na ƙara uku. Hannuna na rawa, ina bin fuskoki da ido. Babu wanda ya fito.

Na koma bayan bas na zauna a ƙasa. Can sai ga mai shayi da kofi a hannu. Ya ce akwai wani da ke zama a ƙarshen bencinsa kullum, ba ya iya lodi yanzu, sai dai ya tsare wa direbobi kaya su ba shi na abinci. Ya ce da na fara wannan kiɗa mutumin ya ajiye kofinsa bai shanye ba, ya dafa bango ya tafi. Na miƙe zan bi shi, Maigida ya riƙe ni ya ce in bari gari ya waye, mutumin da ya gudu da dare kada a ritsa shi da dare.

Da aka sallame asuba mai shayin ya raka ni wani ɗakin langa-langa a bayan gari. Tun daga waje nake jin numfashinsa, kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Na yi sallama. Yana zaune a kan buhu ya jingina da bango, domin ba ya iya kwanciya. Mutumin da ke gaban gayya, damtsensa bai fi kaurin makaɗin kalanguna ba. Kusa da shi akwai gwangwanin madara da yake tofa kaki a ciki, baƙi da ɗigon jini. Ya dube ni ya sunkuyar da kai, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne: "Ban haɗa kuɗin ba tukuna."

Na durƙusa na kama ƙafafunsa. Na ce: "Yaya, an biya. Tun shekara biyu an biya. Ka yafe mini, bakina ne ya kore ka." Ya ɗora hannu a kaina. Ya tambayi Baba, na gaya masa. Ya tambayi matarsa, na gaya masa. Ya daɗe yana kallon rufi. Sannan ya zaro wata leda daga ƙarƙashin buhun, kuɗi ne a ƙudundune, naira dubu 64. Ya ce sau biyu yana kusa cikawa ciwo na cinye su. Shekara kusan shida yana shaƙar ƙura yana tara kuɗin da babu mai bin sa.

Wannan shi ne abin da ya sa na rubuta labarin nan. Mu da ke gida muna ganin wanda ya tafi ci-rani ya yi shiru kamar ya manta da mu ne, ko ya samu duniya ya yi gaba. Na zauna da mutanen nan kwana biyu, na ji bakinsu. Mafi yawansu kunya ce ta ɗaure su. Wani bashi, wani kuɗin aure da ya yi alkawari, wani kuma magana ɗaya ce aka faɗa masa a waya irin wadda na faɗa. Idan kana da naka a waje ya kira ya ce ya gaji, don Allah ka ce masa ya taho. Bashi ana zama a yi sulhu a kansa, ana yafewa, ana biya a hankali.

Muka ɗauko shi a bas ɗinmu, 'yan amshi suka bar masa kujerar baya gaba ɗaya. Maigida ya sauke mu a Lafiya ya biya mana mota har gida. Inna na tankaɗe a tsakar gida muka shiga. Ta dube shi ta dube ni, ta ajiye rariya, ta shiga ɗaki ta shimfiɗa masa tabarmar Baba, sannan ta fashe da kuka. Yaron kuwa ya laɓe a bayan rumbu yana leƙen baƙon da aka ce ubansa ne.

A asibitin gwamnati aka gwada kakinsa aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ɗaga hoton a haske ya nuna mini, ya ce ciwo biyu ne. Ɗaya tarin tibi, wannan yana da magani, kyauta ne, wata shida ana sha ba fashi, kuma dole a gwada mutanen gida. Ɗayan kuma ƙurar kwal da ta dutse ce ta zauna a huhu ta yi tabo, ita ba ta fita, sai dai a lallaɓa. Ya ce huhun da ƙura ta ci shi tibi ya fi saurin kamawa. Ba mu yi wata uku da dawowa ba korona ta shigo, aka rufe Kano a watan Afrilu, aka hana tafiya tsakanin jihohi. Da mun yi jinkiri kaɗan da a can za ta ritsa da shi. A ƙauye kuwa mutane suka ji tari suka ƙaurace wa gidanmu, har masu tallar ƙosai suka daina shigowa. Ni nake hawa babur in karɓo masa magani, in tsaya a kansa ya haɗiye.

Tibi ya warke. Ya ɗan yi ƙiba, yana fita dakali yana tufkar igiya, yaron ya saba da shi har yana kwana a ɗakinsa. Amma garma bai sake ɗaga ta ba, daga ɗaki zuwa masallaci sai ya huta sau biyu. Wata rana a gabansa na gaya wa Inna abin da na faɗa a waya. Ta juya mini baya, ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. Shi ne ya lallashe ta. Hunturu ne babban abokin gabarsa, idan hazo ya sauko sai mu kwana zaune ana yi masa fifita. A hunturun farkon 2023 Allah ya karɓi abinsa, kansa a cinyar Inna. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Baba.

Ranar da za mu baro garin kwal, mutane suka biyo mu har bakin mota. Sanƙiranmu ya yagi bayan kwalin sukari yana rubuta saƙonni: wane ɗan gidan wane, gari kaza, a ce yana raye. Mutum goma sha ɗaya. Wasu sun ba da lambar waya, wasu sun ce kada a ba da, a dai faɗa. Na mayar da su cikin littafi, kuma duk inda yawon kiɗa ya kai mu kusa sai in ratse. Na isar da tara. A gida ɗaya na tarar uwar ta rasu da wata biyu. A wani gidan ƙanen mutumin ya bi ni har tasha yana tambayar kuɗin mota zuwa Ankpa.

Saura biyu. Ɗaya ya ce shi daga wani ƙauye yake a arewacin Gumel, dab da iyaka, amma sunan da ya ba da na samu ƙauyuka uku da shi, na je biyu ba a san shi ba. Na ukun hanyarsa yashi ce, sai da babur. Na yi magana da Maigida, ya ce in an gama kaka bana, kafin mu nausa kudu, ta nan za mu fara.